Gidan da Jamila Ta Zana

Shekaranjiya da hantsi ina shago ina auna wa wani ƙusa, sai ga 'yata Jamila, an koro ta daga makaranta. Shekararta shida. Wai an duba, kanta ba daidai yake ba.

Ashe manyan baƙi aka yi. Sojoji sun yi bore, gari ya rabu biyu, kananzir ya gagara, amma Allah ya ba mu shugabanni masu hangen nesa. Sun gano babbar matsalar unguwarmu, Kilomita Biyar, ita ce ba a san abin da ke cikin kan yara ba. Sai aka turo Mai Girma Sarkin Leƙen Ƙwaƙwalwa da motoci reras da fensira masu launi, aka ce kowane yaro ya zana gidansu. Da aka gama aka karɓe fensiran aka mayar mota.

Na rufe shago na je makarantar. Mai Girma ya shimfiɗa min takardar.

"Duba nan, malam. Ta tsayar da katifa a jikin taga. Mutanen gidan duk suna ƙarƙashin gado. Wannan mai tumbin wane ne?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Mai tukunya a ka fa?"

"Uwarta ce, Sa'adatu. Ba ta yarda katifar za ta tare harsashi ba."

"Yaro mai lafiya ba ya ganin gidansu haka."

Na ce mu je gidanmu da ke layin Yakite ya gani da idonsa. Ya ce direbansa ba ya bin can.

Hukunci: ba ta komawa aji sai likitan ƙwaƙwalwa ya gan ta. Likitan kuwa yana ƙetaren shingen 'yan bore. Wato in ratsa harsasai da yarinya don a gano dalilin da ya sa take tsoron harsashi.

Ni karatuna bai yi nisa ba, kuma ban ce kada a duba yara ba. Jamila tana firgita, ta koma fitsarin kwance, ko murfin tukunya ya faɗi sai ta maƙale uwarta. Da an tambaye ni da na faɗa. Ba wanda ya tambaya.

Maƙwabcina Lado ya ce, "Kai ma da taurin kai. Alhasan ɗina gidan Turawa mai bututun hayaƙin murhu na cikin littafin karatu ya kwafa, aka ce hankalinsa garau."

"Alhasan mai cin alli?"

"Shi fa."

Na aro littafin, Jamila ta kwafa, yau da safe muka kai. Mai Girma ya duba ya yi murmushi, ya ce wa na kusa da shi su rubuta an samu yarinya guda ta warke.

A ƙofar aji ta ja min riga. "Baba, gidan nan da na kwafa hayaƙi na fita ta rufinsa. Su wa suka sa masa wuta?"

Na ce ta shige ta zauna, kuma ta rage murya. Ba ni da wani littafin da zan aro.