Rasuwar Inna, Na'urar da Ba Ta Shiga Rajista Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta rasa haushi ba, ni Halliru Nababa, mai kula da sito a kamfaninmu na taki da irin shuka da ke Anka, nake sanar da rasuwar Inna, baƙar na'urar nan da ke zaune kan kabad a ƙuryar sito. Masu ilimi suna ce mata saba da Turanci. Ta cika ranar Talata da azahar, bayan shekara goma sha ɗaya a bakin aiki.

Direbobi sun shaide ta cewa ba ta taɓa shanya su a bakin ƙofa ba. Ma'aikatan reshenmu na Gummi suna cewa ko ruwa ya yanke hanya, Inna ba ta yanke zumunci. Ita ke haɗa kwamfutocin Anka da na Gummi da na Bukkuyum, kowa ya san motar da ta tashi da inda ta nufa. Ba ta da allo, ba ta da ado. Maganarta duka "hummm" ce, sai ɗan "ƙit-ƙit" in aiki ya yi yawa.

Ciwon ajalinta ya fara ne ranar da mai kamfani, Alhaji Almustapha, ya kawo ɗan ƙanwarsa Lukman, injiniyan wata uku, don ya rubuta duk na'urorin da muka mallaka. Injiniya bai ɗaga daga kujera ba. Cewa ya yi kowa ya ɗauki hoton abin da ke teburinsa ya tura masa a waya. Inna ba ta da tebur, saboda haka babu ita a rajista. Fankar da ke fifita ta kuwa ya hango ta ta taga, ya rubuta "marar amfani", ya sa aka mayar da ita ofishinsa, inda take sanyaya kan da bai taɓa ɗaukar zafin tunani ba.

Ana tsakiyar bazara. Kwana tara ina jin "hummm" ya koma "garrr". Na san abin da ke tafe. Amma ni da furfurata na koyi karatu a ajin manya, kuma ranar da na fara buɗe baki, injiniya ya ce, "Baba, kai dai ji da buhunanka." Aka yi dariya. Na haɗiye sauran.

Da ta cika, Sahura ta reshen Bukkuyum ce ta fara bugo waya cewa komai ya tsaya. Injiniya ya duba rajistarsa, ya ga duk abin da ya rubuta yana nan da rai, ya yanke hukunci: "Wadda ta fara gani ita ta ɓata." Aka sallami Sahura, mai 'ya'ya uku, babu miji. Shi kuma ya yi kwana huɗu yana zare wayoyi yana mayarwa, yana kai da kawowa a ƙarƙashin gawa.

Marigayiya ta bar kwamfutoci goma sha huɗu, da firinta biyu, ɗaya dama gurguwa ce.

Za a yi jana'iza Litinin bayan la'asar a bayan sito. Saminu mai sayen gwangwan zai zo da baro. Masu gaisuwa su zo da tabarmarsu. An ɗauke wa injiniya zuwa, tunda a wurinsa ba a ma haifi mamaciyar ba.

Yau da safe na nuna musu kan kabad, muka sauko da ita. Alhaji na tsaye, injiniya na tsaye. Na kira Sahura, na buɗe muryar waya don kowa ya ji, na ce:

"Sahura, Halliru na. Ba ke kinka kashe ta ba, zahi ya kashe ta. Na sani tun randa anka kore ki, na yi shiru don kar a sake yi min dariya. Ga Alhaji nan yana ji. Ki yahe min, ɗiyata."