Rasuwar Gwaggo, Na'urar Fere Katako

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Datti, ɗan marigayi Malam Sharafaddeen kafinta na Anguwan Rogo, nake sanar da rasuwar Gwaggo, tsohuwar na'urar fere katako ta shagonmu. Ta cika ranar Talata da ƙarfe goma na safe, ana yayyafi, da katako a bakinta.

Ba mu san shekarunta ba. Baba ya ce a Ingila aka haife ta, ta yi ƙuruciyarta tana fere sandunan manyan gidajen gilashi, inda ake renon furanni. Turawan kuza ne suka kawo ta Jos, da suka tashi kakana ya ɗauko ta daga unguwar Rayfield. Akwai rubutu a jikinta, ban taɓa iya karanta shi ba.

Marigayiya ba ta da raki. In ka tura mata katako sai ta ce “gurrr”, ta yi tari sau biyu, ta miƙo maka sanda mai kwari biyu: ɗaya gilashi ya zauna, ɗaya raɓa ta bi ta gangare kada ta ɗiga kan shuka. Duk Jos ban san mai yin wannan kwarin ba sai ita. Ni kaina, gaskiya, ban iya ba. Tura katako kawai na iya.

Ta daɗe tana jinya, muna lallaɓa ta da mai. Ranar Talatar sai ƙarfen cikinta ya ce “ƙas”. Oga Hyginus mai walda ya duba, ya girgiza kai, ya ce irin wannan ƙarfen ba ya karɓar walda, in yi haƙuri.

Ta rasu ta bar ni, da Umma, da ƙanwata Suwaiba, da sanduna arba'in da biyu na ɗakin furannin Madam Firisila, saura hamsin da takwas da ba a fere ba. Madam ta yi ta'aziyya ta waya, ta ce ba komai, ta riga ta kira masu alminiyam. Cikin masu ba mu aiki, ita kaɗai ta rage mana.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan azahar, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe za su zo da mota. Ana neman majiya ƙarfi takwas, don marigayiya tana da jiki. Babu zaman makoki, daga nan za a rufe shagon.

Jiya Oga Hyginus ya zo ya kwance ta. Da ya gama sai ya ciro wuƙar da take fere da ita, ya naɗe a tsumma, ya sa mini a aljihu don kada ta hau sikelin 'yan gwangwan. Kafin in yi masa godiya har ya tsallaka titi.