Katin Walimar Alhaji Mamuda

Alhaji Mamuda, dillalin hatsi a Funtuwa, mutum ne da ko gaisuwa sai ya nemi ragi. Da ya gama sabon gidansa ya shirya walima ranar Asabar, ya ce katin gayyata sai wanda garin bai taɓa gani ba. Ya nufi shagon Ladidi mai kwamfuta, ya zauna, ya miƙa mata sunayen waɗanda za a jera a jikin katin: hakimi, ɗan majalisa, da manyan 'yan kasuwa goma sha biyu.

Ladidi ta ce, "Alhaji, manhajar tsara kati iri biyu gare ni. Akwai ta kuɗi: tana zagaye kati da ruwan zinari, ta goge bayan hoto, ta jera rubutu tsaf, ga haruffanmu masu ƙugiya duk a ciki. Dubu arba'in nake biya mata duk shekara, saboda haka katinta ya fi tsada. Akwai kuma ta kyauta, ita ba ruwanta da ƙugiya."

Alhaji ya zaro ido. "Duk shekara? Manhaja ce ko ɗakin haya? Ni buhun gero sau ɗaya ake biyana! Kuma ƙugiyar me? Kifi zan kama? Yi min da ta kyautar."

"Alhaji, ka dai sake tunani."

"Na gama tunani tun a gida, 'yata."

Aka buga kati ɗari uku, ya karɓa ko dubawa bai yi ba, aka raba lungu-lungu. Washegari yana rumfarsa sai ga wayar direban ɗan majalisa, wai mai gida na tambaya ko laifi ya yi wa Alhaji. Kafin azahar duk wanda ya gifta sai ya wangale baki ya yi gaba yana dariya. Alhaji ya zaro kati daga aljihu ya duba da kyau. A saman jerin sunayen, da manyan haruffa, an rubuta: MANYAN BAKI.

Hula a karkace ya isa shagon, ya maka katin a kan tebur.

"Ke Ladidi! Baƙi na ce, baƙi! Hakimi guda kika kira mai babban baki? Kin kashe ni! Da wane ido zan kalli mutanen nan ranar Asabar?"

Ladidi ta ɗauki katin, ta bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ta ajiye. Ko gezau ba ta yi ba.

Ta ce, "Kwantar da hankalinka, Alhaji. Bari dai a sauke tukwane ranar Asabar ɗin, ka ga ko kwamfutar ƙarya ta yi musu."