Takalman Manya a Gonar Adda Asta

Daga yau babu wata cutar shuka da za ta sake shigowa ƙasar nan ba a san sunanta ba. Mai Girma Uban Tafiya ne ya faɗi haka da bakinsa mai albarka, wata guda da ya wuce, a bakin tafkin Njuwa. Ina cikin waɗanda suka tafa, domin na hango ana sauke katan-katan na lemo.

Abin da ya fito da shi cikin ranar nan shi ne ƙaddamar da sabuwar cibiyar gano cututtukan amfanin gona. Na'urorin suna ofis cikin kwalayensu, suna jiran wutar lantarki kamar kowane ɗan ƙasa nagari, saboda haka aka kawo bikin gona. Masu tsara taro suka ce hoto biyu ake bukata: gona marar lafiya, wato kafin zuwan cibiya, da gona mai lafiya, wato bayan zuwanta.

Marar lafiyar ba ta yi wuyar samu ba. Tumatirin Malam Ya'u ya yi wata yana langaɓewa, ganye kore shar amma a kwance kamar an zuba masa ruwan zafi. Sau uku yana kai shukar ofis cikin leda, sau uku ana ce masa oga ya tafi taron bita. Wadda ta gaya masa ciwon ita ce Adda Asta, mai gonar da ke jikin tasa, maƙwabciyata a Jambutu. Ta yanki kara ta tsoma a kofin gilashi, wani farin abu ya riƙa tsiyayowa cikin ruwan kamar zare. Ta ce, "Hamma Ya'u, wannan ba na feshi ba ne. A ƙasa yake zama, ƙafa da ruwa ke yawo da shi."

Adda Asta da ƙafa ta iso Yola a shekarar da 'yan bindiga suka cinye garuruwan arewacin jihar. Shekara takwas tana ƙwadago a gonakin mutane kafin ta samu wannan ɗan fili, kuma ba ta da wani. Tun ranar kofin nan ta toshe magudanar da ta haɗa ta da Ya'u, ta ajiye baho da ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta a bakin gona. Duk mai shiga sai ya cire takalmi ya taka ruwan. Ni ma da digirina haka nake tuɓewa kamar zan shiga masallaci. Shi ya sa gonarta ta zama abin kallo, shi ya sa kuma aka zaɓe ta don hoto na biyu.

Aka fara da gonar Ya'u. Mutum wajen arba'in suka shiga cikin taɓo, aka tuge shuka guda da saiwarta aka miƙa wa Mai Girma. Ya riƙe ta yana girgiza kai, kamar an nuna masa gawar ɗan'uwa. Sai ayari ya juyo, ya tarar da Adda Asta tsaye a bayan bahonta.

"Barkama, ranka ya daɗe, a cire takalmi, a taka ruwan nan."

Jami'in tsare-tsare, wani mai waya uku a hannu, ya matso. "Mama, kin san ko wane ne wannan?"

"Ban san shi ba. Ciwon ma bai san shi ba."

Wani ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Sai wani dattijo cikin manoma ya raɗa mata, amma har ni na ji: "Adda, baƙonka annabinka. Kada ki ba mu kunya a gaban manya. Gobe idan za a raba taki, da wane ido za mu dube su?"

Ta dubi dattijon, ta dubi takalman. Ta sunkuya ta ja bahon gefe.

Jama'a, ban taɓa ganin takalma masu kyau irin na ranar ba, ko da yake taɓon gonar Ya'u ya rufe rabinsu. Suka bi kunya-kunya suna yaba ganye. Mai Girma ya ɗaga matacciyar shukar kusa da mai rai ya ce, "Ku dubi bambancin da kimiyya ke kawowa!" Da aka gama hoto ya miƙa wa na bayansa, na baya ya miƙa wa na bayansa, har ta kai ga wanda ba shi da na baya. Shi kuwa, mutum mai tsafta, ya jefa ta cikin magudanar ban-ruwa.

Bayan kwana goma sha biyu, tumatirin kunyar farko a gonar ya kwanta. Adda Asta ba ta ce a kai ko'ina ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ne boko ya motsa mini, na ɗauki shuka a leda na tafi cibiya. Mai gadi ya karɓe ni hannu biyu, ya rubuta sunan gonar, ya ce in dawo, ma'aikata duk sun tafi taron bita kan gaggauta gano cututtuka.

Ba za a ce ba su yi aiki ba. A makon nan na ji a rediyo cewa cibiyar ta gano gona ta biyu mai ɗauke da cutar, wato ƙwazonta ya ninka cikin wata guda. An kuma ja kunnen manoma su riƙa kula da tsafta.

Jiya da hantsi na leƙa Njuwa. Na same ta ita kaɗai tana tuge tumatir ɗaya bayan ɗaya, wasu da 'ya'ya jingim, tana cusawa a buhu za ta kai wurin ƙonawa. Ta ce ƙasar ba za ta sake karɓar tumatir ba sai bayan shekara uku ko huɗu, in Allah ya kai rai.

Na ce, "Adda, wallahi sai na rubuta wannan a jarida, kowa ya ji."

"To, Malam. Kafin su ji, riƙe mini bakin buhun nan."

Na riƙe. A iya sanina, wannan ne tallafi na farko da gonar ta samu daga hannun ɗan boko.