Ranar da Wayata Ta Tona Mini Asiri a Gaban Anspekta

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, kuma ku ɗauki maganar da muhimmanci, don daga bakin matar da ta taɓa manta ɗiyarta a gidan suna take fitowa. Sai da na iso gida na ga zanen goyo a hannuna.

Ni malamar makaranta ce. A lokacin ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Tama, maigidana kuma yana aiki a Madawa. Shekara talatin da huɗu na yi ina amsa sunan mai shiririta, har wani likita a birnin Tawa ya zaunar da ni, ya yi mini tambayoyi na kusan awa biyu (na ji kamar rabi), ya ce abin yana da suna: TDAH, wasu kuma ADHD suke cewa. Ya ce ba lalaci ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne, hankalina ne ba ya yarda ya zauna wuri ɗaya. Na ji daɗi ƙwarai. Ashe shiririta ma idan ta yi lakol, wato boko, tana samun suna na Faransanci.

Ya ba ni dabaru, na dawo na kama su kamar sabon aure. Na ajiye kwando a bakin ƙofa, makulli da alli da tabarau duk can suke kwana. Ya ce in riƙe kaye, wato littafin rubutu, guda ɗaya tak in rubuta komai a ciki, sai na sayi huɗu, uku suka ɓace, wanda ya rage ya zama guda ɗayan. Gyaran littattafan yara kuwa, na daina tunkarar tulin gaba ɗaya. Minti sha biyar, in tashi in zagaya, in dawo. Idan abin ya ƙi, in je in zauna kusa da abokiyar aikina Madam Rahamu. Ba ta ce mini komai, zamanta kawai ke hana ni tashi in je duba ko awakin maƙwabta sun shiga garka.

Amma babbar dabarar ni na ƙirƙiro ta. Ƙararrawar waya ba ta yi mini komai, ina kashe ta in manta dalilin da ya sa ta yi ƙara. Sai na koma ɗaukar muryata, in sa ta tashi a lokacin da nake so, in ji ta ta abin sauraro na kunne a ƙarƙashin hijabi. Kuma na lura murya mai laushi ba ta motsa ni. Sai na yi wa kaina magana irin ta gwaggo da aka ɓata wa rai.

Abin ya yi aiki. Wata uku ban makara ba. Daga nan kuma girman kai ya shigo, na fara yi wa mutanen da ba su taɓa ɓatar da ko allura ba wa'azin tsari. Direktanmu, Mushe Illa, ko don burge shi na yi ko don ya gaji da ni, ya sa sunana cikin masu jawabi a taron malamai na garin Buza, in yi bayanin dabarata. Anspekta da kansa zai zo, wato mutumin da takardata ta neman canjin wurin aiki zuwa Madawa take kan teburinsa. Shekara uku ina raba kaina tsakanin gari biyu. Na ce yau zai ga malamar da ta cancanta.

Na shirya murya ta musamman don nuna wa jama'a, mai daɗi, mai ladabi: ƴar'uwa, lokacin gyaran littattafai ya yi, Allah ya ba da sa'a. Da muka isa, Mushe Illa ya karɓi wayar ya jona ta da lasifika tun da wuri, wai don kada a ɓata lokaci idan an zo kaina. Na miƙa masa da murmushi. Abin da ban tuna ba shi ne, kwana biyu kafin nan na ɗauki wata muryar don amfanin kaina, na sa ta tashi ƙarfe sha ɗaya na ranar taron. Na ma rubuta a kaye cewa in kashe ta. Kayen yana gida, cikin kwando, a wurinsa.

Anspekta dattijo ne mai kamala, sai dai yana da wata kalma da ba ya iya jimla biyu ba ita, “donk”, wato “saboda haka” ta Faransanci. Ya fara jawabi ƙarfe goma da kwata. Malamai sun fi sittin a ajin da ake taron, kowa ya natsu. Yana tsakiyar bayani a kan kishin aiki, sai lasifika ta yi gyaran murya. Muryata ce.

“Ke! Ƙarfe sha ɗaya. Na san tsohon nan yana nan yana zuba, kuma na san kin daina ji tun ɗazu. Ki bar ƙirga donk ɗinsa! Ki gyaɗa kai kamar mai fahimta, takardarki na hannunsa. Kuma ki dubi ƙafarki, Allah ya sa takalmin iri ɗaya ne.”

Mutum sittin suka sunkuya suka dubi ƙafata. Ni ma na duba. Ɗaya baƙi, ɗaya ruwan ƙasa. (A yi mini adalci, tsayinsu ɗaya.)

Mushe Illa ya yi tsalle zai cire wayar, ya taka igiyar, lasifikar ta faɗo. Madam Rahamu ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa ina tsaye, ban ma san lokacin da na miƙe ba, ina addu'ar ƙasa ta yi mini alfarma ta tsage.

Anspekta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya dube ni ya ce, “Madam, to nawa kika samu?”

Mai hankali shiru za ta yi, ko ta ba da haƙuri, ko ta suma. Ni bakina ya riga ni.

“Arba'in da ɗaya, ranka shi daɗe.”

Ajin ya fashe. Har mai gadi sai da ya leƙo. Anspekta bai yi dariya ba, ya ce in zauna, ya ci gaba da jawabinsa. Sai dai bawan Allah ya kasa. Duk inda ya zo gaɓar kalmar sai ya tsaya, ya haɗiye, ya dube ni. Jawabin da aka saba ya kai azahar, cikin minti goma ya naɗe shi. Malamai da dama sun zo sun yi mini godiya a ɓoye.

Bayan an tashi ya aiko in same shi. Na tafi ina jan ƙafa, na riga na yi bankwana da Madawa a raina. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce shekara ashirin da bakwai yana jawabi ba wanda ya taɓa gaya masa, kuma da alama ni kaɗai ce nake bin maganarsa kalma kalma. Sannan ya zaro takardata daga jaka. Ya ce wata biyar ke nan tana wurinsa, ba abin da ya hana ta tafiya sai abu ɗaya. Ya nuna mini ƙasan shafin. Ban sa hannu ba.

Na sa hannu a nan take, da bik ɗinsa, wanda sai da na iso gida na gan shi a jakata.

Yanzu ina Madawa. Sunan Madam Donk ya riga ni isowa, har masu sayar da albasa a kasuwa da shi suke kirana. Ban daina ɗaukar muryata ba, don gaskiya ita ke tafiyar da rayuwata. Salon kawai na canja. Yanzu da sallama nake farawa, in gaida kaina, in tambayi lafiyar iyali, kuma ba na ambaton kowa. Duk abin da za ki faɗa wa kanki a asirce, ƴar'uwa, ki faɗe shi da ladabi, don ba ki san ranar da za a jona ki da lasifika ba.