Rasuwar Azurfar Awo ta Haji Niyaz Gul

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, takaici kuma ya ƙarasa, Haji Niyaz Gul, mai sayar da za'afaran a layin 'yan kayan ƙamshi na Peshawar, yana sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki, har da masu dariya a bayan rumfarsa, rasuwar azurfarsa ta awo, rupi guda, wadda ta cika ranar Talata da hantsi. Ta bar shi da tambayar da ya kasa amsawa: shin mutum kan zama ɓarawo shekara da shekaru alhali bai taɓa niyyar taɓa ko zare ɗaya na wani ba?

An haifi marigayiya a gidan buga kuɗi na Kalkata a 1918, bisa ƙa'idar da hukuma ta rubuta. Nauyinta tola ɗaya cif, wato giram sha ɗaya da ɗigo sittin da shida. Kashi sha ɗaya cikin sha biyu na jikinta azurfa ce zalla. A fuska ɗaya kan sarki da kambinsa, a ɗayar sunanta a tsakiyar furanni, gefenta kuma da ƙananan haƙora don kada wani ya kankare ta a ɓoye. Da aka daina cefane da irinta, sai mahaifin Haji ya ba ta aikin da ya fi na da daraja: ita a faranti ɗaya na sikeli, za'afaran a ɗayan. Da wannan aiki ta rayu, da shi layin nan ya san gidansu da gaskiya.

Ba ta da surutu. Amma idan Haji ya cilla ta sama da babban yatsa, sai ta ce tinnn, doguwar murya siririya da babu jabun da ke iya kwaikwayonta. Da wannan murya ta rufe bakin masu gardama da yawa.

Haji ya riƙe ta da ƙauna. Kowace Juma'a kafin masallaci yakan goge ta da toka da lemun tsami har ta yi ƙyalli. Idan yana tunani yakan murza ta tsakanin yatsunsa, shi kuwa mutum ne mai yawan tunani, wanda bai wuce aji huɗu ba amma ya cinye littattafan aro. 'Yarsa Gulalai ta sha roƙonsa a huda ta a sa mata a sarƙa. Yakan ce, "Huda? Abin da maƙeri zai cire, haƙƙin wa ne? Tashi ki ba ni wuri."

Rashin lafiyar ta bayyana ne ta hannun Zarshad, maƙwabcin rumfa, wanda ya shigo layin nan bara da sikelin batir da baki marar linzami. Bibi Shirin, tsohuwar mai saye, ta sayi tola ɗaya a wurin Haji don shinkafar bikin ɗanta, ta tsaya wajen Zarshad sayen kanumfari. Ba wanda ya aike shi, ya ɗauki ƙunshinta ya ɗora a kan akwatin sikelinsa.

"Haji sab!" ya ƙwala, yadda har mai shayi ya juyo. "Tolar taka azumi take yi? Sha ɗaya da ɗigo biyu na gani."

"Batirinka ne ya yi sanyi."

"To kawo tsohuwar mu ɗora ta, kowa ya huta."

"Ranar da hannuna ya taɓa wannan akwati, ku aske mini gemu."

Bibi Shirin ta dubi Haji kawai, ita da ta yi shekara ashirin ba ta taɓa duban sikelinsa ba, ta ja mayafinta ta tafi. Wannan kallo ya fi ihun Zarshad ciwo.

Kwana uku Haji bai buɗe rumfa ba. A na huɗu ya kai marigayiya wurin Ustad Fazal, maƙerin azurfa, wanda ke da wata 'yar'uwarta da ba ta taɓa yawo a hannu ba. Aka ɗora su a sikeli. Farantin marigayiya ya tashi sama a hankali, bai dawo ba. Ustad Fazal ya kara ta a haske, ya ce, "Yaya, ina gemun sarkin? Ina furannin? Ai ba tsufa ba ne kaɗai, toka ce." Nan take rai ya yi halinsa.

Ta bar ƙannenta, tsabar tagulla guda biyu: kwata ana, wanda ke danne takardu, da faisa mai rami a tsakiya, wanda tun haihuwa ba a taɓa dogara da shi ba. Ta bar sikelin tagulla da ba shi da laifi, da Haji, wanda har yanzu bai san sunan da zai kira kansa ba.

Ba a gayyaci waɗanda suka ce dama sun sani ba. Idan sun sani, me ya hana su magana? Ba a gayyaci mai shayi ba. Zarshad kuwa ya sani cewa faɗin gaskiya da ƙarfi don a ji daɗin kunyata dattijo ba nagarta ba ce, ko da lambar da ya karanta daidai ce. Daidai ce. Abin da ya fi ƙona rai ke nan.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a maƙerar Ustad Fazal, inda za a huda marigayiya a rataye ta a wuyan Gulalai. Daga nan za a zauna karɓar gaisuwa a rumfa har kwana bakwai. Duk wanda ya taɓa sayen tola a hannun Haji ya zo da takardarsa ta ƙunshi, za a zuba masa ciko, ba za a tambaye shi sheda ba. Bibi Shirin ce ta farko, idan ta yarda ta zo.

Masu tambayar da me za a auna, ga amsa. Yau da safe Haji ya tsallaka zuwa rumfar Zarshad, bai zauna ba, bai karɓi shayi ba. Zarshad ya ce, "Haji sab, in kira wanzami?" Haji ya ce, "Kira shi. Amma fara nuna mini inda ake kunna abin nan." Ya ɗauki akwatin da hannu biyu, ya koma rumfarsa.