Ni da Allurar Mai da Gonar Inna

Jama'a, wannan makon ban zo da kukan kowa ba, ƙarar kaina na kawo. Ranar Talata taraktata ta mutu a tsakiyar hanyar gona, bayan gari a nan Gummi, ina bisa kanta sanye da sabuwar hula, rabin unguwa na kallo.

Taraktar gadon mahaifina ce. Shekara goma sha biyu tana ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida, kaji na yi mata ƙwai a kujera. Ban yi niyyar taɓa ta ba, domin Masu Girma Iyayen Talakawa sun yi alkawarin tarakta a kowace mazaɓa. Kuma Allah ya saka musu, sun kawo. Na gan su da idona, jajaye, a bayan tirela. Aka yanke ƙyalle, aka tafa, kafin la'asar tirelar ta juya da su, wai akwai wani garin da shi ma yake jiran ya tafa. Sai na ce to, zuwa da kai ya fi aike.

Na ɗauko Lirwanu bakanike daga Bukkuyum. Ya sauke injin kaf, ya sa sabon ringi da sabon mital, wato 'yan faifan ƙarfen da kirankishaf ke juyawa a kai. Ganin aiki ya yi nisa, na je na tsaya gaban Inna na bugi ƙirji. Kowace damina shanun maƙwabcinmu Haladu ke yi mata huɗar gonar gyaɗa, da gyaɗar nan take ƙuli da mai, ba ta roƙon kowa. Na ce bana ta bar wa wani layinta, tarakta za ta shiga gonarta.

Ta dube ni ta ce, "Ɗantani, wagga abar da kaji ka kwana ciki?"

Na ce ta sa ido kawai. Ta bar layin.

Saura rufe kwanon mai na ƙasan inji, Lirwanu ya tafi suna. Ya ce in jira shi. Ni da na yi mako biyu ina miƙa masa sifana, in jira wa? Na ɗauki gam ɗin da ake shafawa a bakin kwano don kada mai ya zuba. Shi ɗan siriri yake shafawa, ni kuwa ba marowaci ba ne, na lafta kwali guda da rabi na ɗaure.

Tarakta ta tashi da kyau. Allurar agogon mai ta hau sama, na ji kamar in yi guɗa. Inji na yin zafi, allura ta fara sunkuyawa har ta kwanta a ja.

Nan fa karatun da na yi shekaru ina ɗauka daga manya ya yi mini rana. Da farko na ce agogon ne ɗan adawa, na tsige shi na naɗa sabo. Sabon ma ya faɗi abin da tsohon ya faɗa. Na ɗora laifin a kan mai sayar da baƙin mai, na juye na zuba wani. Na sauya filta. Na kafa kwamiti a gindin tsamiya, mutum shida, aka sha shayi, aka yanke cewa baki ne ya kama tarakta. Da duk wannan bai ɗaga allura ba, ga shi an yi ruwa mai kyau, sai na ɗauki matakin ƙarshe: na yanko baƙin salatif na manne fuskar agogon. Wallahi nan take hankalina ya kwanta. Ashe haka manya ke samun barci!

Ban kai gonar ba inji ya fara ƙwanƙwasa kamar ana daka a ciki, ya yi tari, ya yi shiru.

Lirwanu ya zo a kan babur. Ya ɓare salatif ɗin, ya dube shi, ya dube ni.

"Malam Ɗantani, wa yay yi wanga aiki?"

Na ce kwamiti ne.

Ya duba sifirin da ke daidaita ƙarfin mai, lafiya lau. Ya kwance kwanon ƙasa, ya ciro rariyar da fanfon mai ke zuƙa ta cikinta. Gam ɗina ne ya matso ciki ya tsinke zare-zare kamar taliya, ya toshe ta ruf.

"Ka gani? Inji na kukan ƙishirwa, agogo na gaya maka, kai kab bi shi kar rufe mai baki. Mital ya ƙone, kirankishaf ya ci. Sai an kai Gusau an wanke. Mako biyu, in an yi sa'a."

Gyaran gangar auzinawa ke nan. Laifi tudu ne, na shekara nawa ina tsaye a kan nawa ina hango na Masu Girma.

Mako biyu kuwa gyaɗa ba ta jira. Na je wurin Haladu ina sosa ƙeya, ya ce shanunsa na da gona goma sha ɗaya a gaba, kuma ni da bakina na ce a ba wani layin. Ba shi da laifi.

Don haka tun Laraba ina gonar Inna da galma a hannu, ni mai shekara hamsin da tumbi. Bayana ya ƙage, tafin hannuna duk ya yi bororo. Ita tana biye da ni da ƙwaryar iri, tana jefawa tana rufewa da diddige. Da ta zage ni da na ji sanyi. Sai da rana ta take ta miƙo mini fura ta ce, "Sha, ɗana. Abin da munka samu shuka, shi Allah ya nuhe mu da shi." Ko rabin gonar ba za mu kai ba kafin ƙasa ta bushe, ita ma ta sani. Kunya ta kama ni, na ajiye furar na koma kan galma.

Masu Girma, ranku ya daɗe, yau kam ina yi muku hassada. Ku in kun saɓa alkawari, sai bayan shekara huɗu kuke sake haɗa ido da wanda kuka yi wa. Ni kuwa a gidanta nake cin tuwo.